Masara a Filin Tauraro

Ranar Lahadi da hantsi mutanen Rafin Kanya suka tarar an huɗe musu filin ƙwallo.

Daga ragar gabas har an wuce tsakiyar fili kunyoyi ne a jere, miƙaƙƙu, aikin wanda ya san garmar shanu. An kuma bi su da shuka. Wanda ya fara zuwa ya tona rami ɗaya da yatsa, sai ga ƙwayar masara. Jiya Asabar garin ya kwashe kaf zuwa Doguwa, inda ƙungiyarsu, Tauraron Kanya, ta je wasa. Aka lallasa su, suka dawo a gajiye kowa yana zagin alƙalin wasa, babu wanda ya bi ta fili, tunda yana can bayan rafi ne.

Da ma garin a rabe yake tun rani. Alhaji Mas'ud, ɗan garin da ke kasuwancin hatsi a Kano, ya karɓi ƙungiyar daga hannun kwamitin da ya kasa saya wa 'yan wasa ko takalmi. Ya ce zai mayar da ita Kwanar Dangora, bakin titi, ya gina fili mai katanga da kujeru da ƙofar tikiti. Tsohon filin kuwa za a yanka shi fulotai, masu awo ma a wannan makon ake sa ran su. Rabin gari na yi masa addu'a, rabi na cewa an sayar da su da ransu.

Kafin azahar har an fara cacar baki a kan kunyoyin.

"Aikinku ne!" in ji Mujitaba, matashin da ke jagorantar masu goyon bayan Alhaji. "Kun fi son mu dawwama muna kallon ƙwallo a tsaye, awaki na ratsa fili ana tsakiyar wasa."

"Gara akuya da tikiti," in ji Mu'azu mai ganga, shugaban ɗaya ɓangaren. "Ƙungiyar da kakanninmu suka yi wa sharar fili, sai na hau mota na biya kuɗi kafin in gan ta? Wa ya sani ma ko ku kuka huɗe, don a ce fili ya mutu?"

Dagaci ya ɗaga sanda, aka yi tsit. Ya ce kada wanda ya sake taka filin ko ya taɓa kunya ɗaya sai an gano mai aikin. Sannan ya aika a kira Alkasim.

*

Alkasim mai bin sawu ne, ko kuma a ce ya taɓa zama. A da, in aka kore shanu a Burumburum ko Dangora, shi ake nema, ya bi kofato har cikin daji. Yanzu ɓarayi a mota suke zuba shanu, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Kano, sai sallah suke leƙowa. Gidan ya yi masa yawa. Yakan dafa shayi kofi ɗaya ya sha a tsaye, don zama a tsakar gidan nan shi kaɗai yana ci masa rai.

Abin da ya rage masa a duniya shi ne wani kututture a gindin kanyar da ke gefen fili, da abokinsa Mudi. Kullum bayan la'asar nan suke zama da rediyon Mudi, suna kallon yara na atisaye. Mudi tsohon ɗan wasan Tauraro ne, lamba goma sha ɗaya, tun ƙungiyar na buga wasa ba takalmi. Yanzu gwiwa ta cinye shi, amma in ƙwallo ta gangaro gindin kanya ba ya ko tashi, sai ya sa cikin ƙafar hagu ya share ta, ta koma daidai ƙafar yaron da ya biyo ta. Alkasim bai damu da ƙwallo ba ko kaɗan. Mudi yake zuwa gani.

Ya iso filin da sandarsa, ya ce kowa ya ja baya. Ruwan daren Juma'a ya jiƙa ƙasa, ta riƙe komai. Bijimai biyu ne, mutum ɗaya. Takalmin roba ne irin wanda kowane manomi daga nan har Kiru yake sawa, don haka bai ce masa komai ba. Amma bijimin dama yana da tsaga a kofaton baya.

Ya bi kofaton ya tsallake rafi, ya ratsa ta gonar rake. Kuskuren da ya yi shi ne bai kori samarin da suka biyo shi ba. Sawun ya kai su har turken Mainasara.

*

Mainasara Bafulatani ne da ya zauna a gefen garin shekaru da dama, yana kiwo yana kuma yi wa mutane huɗa da bijimansa. Ya fito yana gyara malafa, ya ga taron, fuskarsa ta sauya.

"Baffa Alkasim, lafiya?"

"Ita muke nema. Bijimanka ne suka huɗe fili jiya."

"Nawa ne," in ji shi, bai yi gardama ba. "Amma ni jiya ina kasuwar Burumburum tun safe. A tambayi masu sayen nono, tare muka dawo. Aro na bayar."

"Wa ka ba?"

Mainasara ya dubi ƙasa. "Ya ce gona zai huɗe, kuma kada in faɗa wa kowa. Na ce to. Ban san fili ba ne, wallahi. Amma na riga na ce to."

Samari suka ɗauki hayaniya. A nan ne ɓangarorin biyu da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai karo na farko tun rani, don babu abin da ke haɗa kan gari da sauri kamar a samu baƙon da za a ɗora wa laifi. Wani ya ce a kwance bijiman. Wani ya ambaci ashana. Daga cikin bukka aka ji kukan jariri.

Da ƙyar dagaci ya kashe wutar. Abin da ya iya samu daga samarin shi ne jinkiri zuwa gobe bayan la'asar. In ba a fito da wani ba, za a riƙe bijiman, Mainasara kuma ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar Rafin Kanya, ga damina ta sauka.

"Ka ji dai, Malam Alkasim," in ji dagaci a hankali. "Ni iyakata ke nan."

*

Alkasim ya fara da Mu'azu, tunda shi ne ya taɓa rantsuwa a majalisa cewa sai dai a yanka fulotan a kan gawarsa. Ya same shi yana ɗaure fatar ganga.

"Da ni na yi, Baba, da da ganga zan zagaya gari ina faɗa," in ji Mu'azu. "Amma ina Doguwa, kowa ya ji ni. Har muryata ta dushe." Da gaske ta dushe. Sannan ya ƙara da cewa, "Ka bincika mutanen Alhaji. Filin da ya zama gona, wa zai yi kukan an yanka shi?"

Maganar ta shiga kunnen Alkasim, sai ya nufi shagon cajin waya na Mujitaba. Yaron ya juyo masa waya, ga hotonsa a Doguwa da rigar Tauraro, ga kuma zanen sabon filin da Alhaji ya turo, kore shar kamar shimfiɗar masallaci.

"Baba, mu me za mu ci da huɗa? Masu awo na hanya, yanzu ga shi dagaci ya hana a taɓa fili. Mu aka cuta." Ya ajiye wayar, sannan ya ce, "Ni ma a filin nan na koyi ƙwallo. Amma ɗan wasanmu nawa ne suka karye a ramukansa? Ƙanena har yau ɗingishi yake. Ba don ƙin gari muke so a tashi ba."

Alkasim ya fita yana juya abu ɗaya. Huɗar nan ba ta amfani Alhaji da komai ba. Jinkiri kawai ta kawo masa.

Gonar da ke maƙwabtaka da fili ta Iya Mubaraka ce, wadda ke sayar da dafaffiyar gyaɗa ranar wasa. Surukinta ne ya ba ƙungiyar filin tun da daɗewa, shi ya sa wasu ke raɗe-raɗin jikokinsa ne suke son su karɓe abinsu. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Jikokin da ko fartanya ba su iya riƙewa? Suna can Kano suna tuƙa adaidaita. Ni dai na hango mutum da malafa daga nesa, na ɗauka Mainasara aka sa aiki. Idona ba ya kai can." Ta miƙo masa gyaɗa a leda. "Amma ko wane ne, ya san abin da yake yi. Ka manta? Ƙasar da shuka ta tsiro a kanta ba a karɓarta sai an girbe. Ko gonar aro ce, ko ta rigima ce. Wane dattijo ne a garin nan zai tsaya a tuge abinci yana kallo? In masarar nan ta fito, Alhaji sai dai ya jira kaka."

Alkasim ya tsaya da ledar a hannu. Ashe ba ɓarna aka zo yi ba. Wani ne yake son ya sayo wa filin damina guda.

Da la'asar ya je gindin kanya. Mudi bai zo ba. Ya zauna shi kaɗai ya cinye gyaɗar, har aka kira magariba.

*

Da sassafe ranar Litinin ya koma filin, lokacin da rana ke kwance tana fito da kowace inuwa a ƙasa. Wannan karon bai kalli kofato ba. Ramukan shuka ya bi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, in ya jefa iri a rami, diddige yake sawa ya rufe ya danne, ya wuce. Tun yana yaro ƙafarsa ke koyon haka, ba ya ma sanin yana yi. A nan kuwa babu ramin da aka danne da diddige. Kowanne an share masa ƙasa ne daga gefe, shara ɗaya mai tsabta, da cikin ƙafar hagu. Ya bi kunya ta farko, ya bi ta biyu, ya tsallaka can tsakiya inda mai aikin ya gaji har saransa ya fara karkacewa. Ƙafar ba ta sauya ba ko sau ɗaya.

Ya tsuguna a wurin ya daɗe. Ya so a ce idonsa ne ya tsufa. Sai dai shekara da shekaru yana zaune a gefen ƙafar nan yana ganin ta tana mayar wa yara ƙwallo, kuma sai yanzu ya tuna cewa ranar Asabar, karo na farko a saninsa, Mudi bai bi ƙungiya ba. Ya ce gwiwa.

*

Ya sami Mudi a zaure, ƙafa a miƙe, an shafe gwiwar da man zafi. Tafukan hannunsa duk sun yi kanta sun fashe. Suka gaisa kamar kullum, aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwa.

"Mudi," in ji Alkasim, "ka taɓa rufe shuka da diddige kuwa?"

Mudi ya dube shi, ya dubi ƙafarsa ta hagu, sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Tun ina yaro babana ke duka na a kan haka."



"Kwana uku nake nema, ko huɗu," in ji Mudi. "Ƙasa da danshi, irin kuma mai kyau ne. Dagaci ya ce ba a taɓa fili sai an gano mai aiki. To kada a gano shi sai ta tsiro. Shi ke nan abin da nake roƙo. In muka kai kaka, wa ya sani? Ko Alhaji ya huce, ko 'yan garin da ke waje su haɗa kai su fanshi filin. Ka ce sawu ya ɓace maka a rafi."

"Mainasara fa? Yau ne bayan la'asar."

"Ba za su kore shi ba. Baki ne kawai irin na yara."

"Na ji mai ambaton ashana, Mudi. Da jariri a bukkar."

Mudi ya kau da kai. "In ya tafi ma, ni da kaina zan je in dawo da shi bayan sati. Zan durƙusa masa." Ya shafa gwiwarsa. "Alkasim, ni ba ni da ɗa, ba ni da jika. Duk yaron da ya taɓa kirana Baba a filin nan ya kira ni. In aka kai su Kwanar Dangora bayan katanga, da wace gwiwar zan bi su? Kai ma ina za ka zauna?"

Wannan tambayar ita ta fi yi wa Alkasim ciwo.

"Ka zo ƙofar dagaci ka faɗa da bakinka," ya ce. "Zai fi sauƙi."

"Ba zan faɗa ba."

"To ni zan sa a gani."

"Shekara talatin muna zama a kututture ɗaya," in ji Mudi. "Kwana uku na roƙe ka."

Alkasim ya ɗauki sandarsa ya fita, bai iya yin sallama ba.

*

Bayan la'asar ƙofar dagaci ta cika. Alhaji Mas'ud ya zo daga Kano, yana zaune a kan kujera yana sharce gumi. Mainasara na tsugune a gefe, an riga an ɗaure bijimansa a jikin dalbejiya. Mudi ma ya zo, ya tsaya can baya ya jingina da bango.

Alkasim ya sa aka kawo sungumi da ƙoƙon masara. Ya sassara ramuka a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke gaban zauren.

"Ranka ya daɗe, ina so duk wanda aka ambaci sunansa a maganar nan ya yi mana shuka."

Aka yi ta dariya. Mu'azu ya fara, ya jefa iri ya danne da diddige yana wasa da kafaɗa. Mujitaba ya biyo, ya naɗe ƙafar wando, diddige. Mainasara ya yi nasa bai ɗago kai ba, diddige. Har Alhaji ya tashi da kansa ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya tuɓe takalmi ya danna nasa, aka yi masa tafi.

Sai Alkasim ya faɗi abin da ya gani a filin, ya ce duk mai shakka ya je ya duba, ramukan na nan. Sannan ya ratsa taron da ƙoƙon a hannu. Mutane suna darewa har ya isa jikin bango.

"Saura rami ɗaya," ya ce, bai iya kallon idonsa ba.

Mudi zai iya danna diddige sau ɗaya, kowa ya san zai iya. Ya karɓi ƙoƙon ya ɗingisa zuwa gaban zaure. Ya dubi bijiman da ke ɗaure, ya dubi Mainasara, wanda har yanzu bai buɗe baki ya ambace shi ba. Ya jefa ƙwaya biyu, ya sa cikin ƙafar hagu ya share ƙasa a kansu, a hankali, yadda kowa zai gani.

"A kwance masa shanunsa," ya ce. "Bai san komai ba."

Wurin ya kaure. Mutanen Mujitaba na cewa ya kashe musu wasannin gida, mutanen Mu'azu kuwa, da suka fahimci dabarar, suka juya kan Alkasim. "Kwana uku kacal, Baba! Da ka yi shiru!" Mu'azu ya faɗa da dusasshiyar muryarsa, kamar ba shi ne jiya yake gaba-gaba wajen turken Mainasara ba.

Alhaji ya ce shi ba zai kai dattijon da ya goya shi a filin nan gaban hukuma ba, ya yafe. Sai dai tunda an gano mai aiki, kuma babu abin da ya tsiro, gobe zai turo a baje kunyoyin. Dagaci ya dubi dattawa. Babu wanda ya hana, don al'adar tsiro take karewa, ba ƙwayar da ke cikin ƙasa ba.

Mainasara ya kwance bijimansa. Da zai wuce ya tsaya gaban Alkasim ya ce, "Miyetti, Baffa." Godiya ke nan da Fulatanci, kuma shi kaɗai ya sake yi masa magana a ranar.

*

Washegari tarakta ta zo ta baje filin, masu awo suka kafa turakunsu masu jan fenti. Aka cire ragunan aka loda a mota.

Kafin mako ya zagayo masarar ta fito. Ba a jere ba, tarakta ta watsa ta, amma ta fito ko'ina, tsakanin turaku, kore shar. Mutane suka riƙa zuwa suna kallo suna komawa. Ta makara, kuma kowa ya san da kwana nawa.

Alkasim bai daina zuwa gindin kanya ba, don ba shi da wani wurin zuwa. Babu yara, babu rediyo. In sun haɗu da Mudi a masallaci, Mudi yakan amsa sallama, iyakarta ke nan.

Wata ranar da aka kwana ana ruwa, ya iso da la'asar ya ga sawu a hanyar da ta fito daga gari. Takalmin roba, taku gajere a dama saboda gwiwa. Sawun ya zo har kusa da kututturen, ya tsaya, ƙafafun biyu sun nutse a laka alamar an daɗe a tsaye. Kusa da wurin akwai wata 'yar kanya da ta faɗo, an share ta gefe da cikin ƙafar hagu. Daga nan sawun ya juya ya koma gari.

Sabo ne, ko awa bai yi ba. Yaro ma zai iya bin sa. Alkasim ya zauna a gefensa na kututturen, ya bar ɗaya gefen, ya yi ta kallon sawun har ruwa ya sake saukowa ya shafe shi.